BABI NA TARA: Ƙara da Hayaniyar Unguwa, Illarsu ga Lafiya da Koyon Harshe

9.0 Gabatarwa

Ido yana da fatar da yake rufewa da ita idan haske ya yi masa yawa, baki yana da leɓɓa, amma kunne a buɗe yake dare da rana. Mutum yana barci kunnensa yana aiki. Wannan ne ya sa duk ƙarar da unguwa ta wayi gari da ita, ta injin niƙa ce, ko ham ɗin mota, ko lasifikar mai tallar magani, sai ta shiga jikin mazaunin unguwar, ya so ko ya ƙi.

A wannan babi za a duba yadda ƙara take taɓa lafiyar jama'a da rayuwarsu ta yau da kullum. An ɗauki yankin Riko da garin Jibiya, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar, a matsayin misali. Mai yiwuwa ɗalibi ya tambaya, me ya haɗa malamin Hausa da wannan batu? Amsar ita ce, jarin malamin harshe abu biyu ne: muryarsa da kunnen ɗalibinsa. Duk abin da ya shiga tsakanin waɗannan biyu ya shiga gonar malami. A ƙarshen babin ana sa ran ɗalibi ya iya:

(a) rarrabe kalmomin da Hausawa suke kiran nau'o'in sauti da su;
(b) bayyana yadda ake auna ƙara da iyakar da jiki zai iya ɗauka;
(c) kawo illolin ƙara ga kunne da barci da zuciya;
(d) nuna yadda ƙara take gurgunta darasin Hausa, da matakan da malami zai ɗauka.

9.1 Sauti da Ire-irensa a Bakin Bahaushe

Yawan kalmomin da al'umma ta tanada wa abu yana nuna irin lurar da ta yi masa. Kalmar sauti, wadda aka aro daga Larabci, ta game duk abin da kunne ya ji. Amo shi ne sautin da abu yake bayarwa idan an buge shi, kamar ganga ko ƙwarya. Hayaniya muryoyin mutane da yawa ne a cakuɗe, irin na kasuwa ko tasha. Surutu yawan magana ne. Kwaramniya ta kwanoni ce da tarkace, rugugi na hadari ne ko na manyan motoci. Ƙara kuwa sauti ne mai ƙarfi da yake dukan kunne, kamar na bindiga ko na inji. Abin lura a nan shi ne, da wannan kalma ɗaya ake kiran kukan da wanda aka zalunta yake kaiwa gaban alƙali.

A wannan babi, abin da ake nufi da ƙara shi ne duk wani sauti da mutum ba ya bukata, wanda yake cutar da jikinsa ko yake hana shi abin da ya sa a gaba. Ke nan sauti ɗaya yana iya zama abu biyu. Kiɗan biki daɗi ne ga 'yan biki, amma azaba ne ga majinyacin da yake kwance a bayan katanga.

9.2 Yadda Ake Auna Ƙara

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Lissafin wannan ma'auni ya sha bamban da na mudu ko na kilo. Idan sauti ya ƙaru da desibel 10, ƙarfinsa ya ninka sau goma ke nan, kunne kuma yakan ji kamar an ninka shi sau biyu. A ƙiyasin masana, raɗa takan kai desibel 30, hira tsakanin mutum biyu kamar 60, cunkoson motoci 80 zuwa 85, babur kuma yakan kai 95 ga wanda yake kansa.

A shekarar 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ƙara a wuraren zaman jama'a. Ta ba da shawarar kada ƙara ta wuce desibel 30 a ɗakin kwana da dare, kada kuma ta wuce 35 a cikin aji lokacin darasi. A wurin sana'a, masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na tsawon awa 8. Duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu, wato 88 awa 4 ne, 91 awa 2, 94 kuma awa 1 kacal. Ɗalibi ya kwatanta wannan da yinin ɗan kabu-kabu ko na yaron injin markaɗe.

A Nijeriya ma akwai doka. An kafa hukumar NESREA mai kula da ƙa'idojin muhalli a 2007, a 2009 kuma aka fitar da dokokin ƙayyade ƙara, waɗanda suka bambanta iyakar unguwar zama da ta wurin kasuwanci da ta masana'antu, suka kuma bambanta ta rana da ta dare.

9.3 Tushen Ƙara a Yankin Jibiya

Riko ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Jibiya a Jihar Katsina. Babbar hanyar da ta tashi daga Katsina zuwa Maraɗi ta ratsa wannan ƙaramar hukuma, ta bi ta Magama, ta tsallaka iyaka zuwa Ɗan Isa a Jamhuriyar Nijar. Rayuwar mutanen yankin a ɗaure take da wannan hanya da kuma kasuwar Jibiya mai ci ranar Lahadi. Ana iya kasa ƙarar irin wannan wuri gida huɗu.

Na farko, ƙarar sufuri. Tireloli da tankoki sukan yi jerin gwano suna jiran a duba su, injinansu a kunne. Ga ham, ga kiran 'yan kamasho, ga babura waɗanda salansarsu ta fashe ko aka huda ta da gangan.

Na biyu, ƙarar sana'a. Injin niƙa da na markaɗe da na casa, masu walda, masu faci da maƙera duk sun shigo tsakiyar gidaje. Ƙarancin wutar lantarki ya sa kusan kowane shagon cajin waya ko na aski yana da janareta a bakin ƙofa. Irin wannan ƙara ta daɗe da isa ƙauyuka, domin da wuya a sami gari kamar Riko babu injin niƙa a cikinsa.

Na uku, ƙarar lasifika: ta masu tallar magani, da masu tura waƙa a waya, da gidajen biki, da motocin 'yan siyasa, da tarukan da sukan kai tsakar dare.

Na huɗu ya keɓanta da wuraren da suka sha fama da rashin tsaro. Yankin Jibiya ya yi shekaru yana fuskantar hare-haren 'yan bindiga, abin da ya sa mutanen ƙauyuka da dama suka yi hijira zuwa cikin gari. Ga yaron da ya taɓa gudu cikin dare, rugugin babura ko fashewar taya ya wuce sauti kawai, tsoro ne yake dawo masa sabo. Ashe illar ƙara ta danganta da ƙarfinta da kuma abin da take tuna wa mai jin ta.

Wajibi ne a yi adalci a nan, domin mafi yawan wannan ƙara sautin neman abinci ne. An rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilun 2022. Aka sake rufe ta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka buɗe a Maris na 2024. A waɗannan lokuta zirga-zirgar manyan motoci ta ja baya, amma direba da ɗan dako da mai abincin tasha ba su yi murna da wannan shiru ba. Saboda haka ba a neman gari ya yi tsit kamar maƙabarta. Abin da ake nema shi ne kowace ƙara ta san wurinta da lokacinta da iyakarta.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A tsofaffin birane irin su Katsina da Kano masu sana'a suna da unguwanninsu, shi ya sa ake samun sunaye kamar Maƙera da Marina. Gidan gargajiya ma an gina shi da katangar ƙasa mai kauri, ga zaure da shigifa sun raba titi da ɗakunan kwana. Ginin bulo mai rufin kwano, wanda tagarsa take kallon titi, ba ya ba da irin wannan kariya.

9.4 Illolin Ƙara ga Lafiya

9.4.1 Kunne

A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa. A cikinta akwai dubban ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, su ne suke mayar da motsin sauti saƙon da jijiya take kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana gajiyar da su, idan ta daɗe sai ta kashe su, wanda ya mutu kuma ba ya sake tsirowa. Alamar farko ita ce ƙugi a kunne, ko jin kamar an toshe shi bayan an bar wurin ƙara. Daga nan sai mutum ya riƙa jin ana magana amma ba ya tantance abin da aka ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna cewa fiye da mutum biliyan 1.5 a duniya suna da wani mataki na raunin ji. Hukumar ta kuma yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1 suna cikin haɗari saboda ƙure sautin abin sauraron da suke maƙalawa a kunne da zuwa wuraren kiɗa mai ƙarfi.

9.4.2 Barci

Barci hawa-hawa ne, akwai mai sauƙi akwai mai nauyi, a cikin mai nauyin ne jiki yake gyara kansa. Ƙarar dare tana ɗago mutum daga barci mai nauyi zuwa mai sauƙi ko da bai farka ba. Sai ya wayi gari da kasala da ciwon kai da saurin fushi, alhali a ganinsa ya kwana yana barci. Yaron da janaretan maƙwabta ya kwana a bayan tagarsa shi ne mai gyangyaɗi a aji da hantsi.

9.4.3 Zuciya da Hawan Jini

Jiki yana ɗaukar ƙara a matsayin alamar haɗari. Da ta taso sai ya saki sinadaran shirin gudu ko faɗa, zuciya ta ƙara bugu, hanyoyin jini su tsuke. Idan haka ta riƙa faruwa shekara da shekaru, sai ta share wa hawan jini da ciwon zuciya hanya. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙarar ababen hawa tana cinye aƙalla shekara miliyan 1 na rayuwa cikin ƙoshin lafiya duk shekara a Yammacin Turai. A ƙa'idojinta na 2018 kuma ta nuna cewa duk ƙarin desibel 10 na ƙarar titi yana ƙara haɗarin ciwon toshewar jijiyoyin zuciya da kimanin kashi 8 cikin 100.

Sau da yawa akan ji mazaunin bakin titi yana cewa, ai mun saba. Hausawa sun ce sabo turken wawa, sun kuma ce jiki ya fi kunne ji. Hankali yana iya daina lura da ƙara, amma bugun zuciya bai daina amsa ta ba.

9.4.4 Zaman Tare

Ƙara tana rage haƙuri. Rigingimu da yawa da ake kaiwa gaban mai unguwa daga janareta ko lasifikar biki suka faro. Waɗanda suka fi shan wahala kuwa su ne waɗanda ba su da halin ƙaura: tsofaffi, majinyata, masu jego, jarirai, da matan da suke yini a gida kusa da inji.

9.5 Ƙara da Darasin Hausa

Masana ilimin furuci sun nuna cewa wasula sun fi baƙaƙe ƙarfin amo. Idan ƙara ta taso, baƙaƙe ne suke fara ɓacewa, musamman masu zuza irin su s da sh da f. Raunin jin da ƙara take haifarwa ma daga irin waɗannan siraran sautuka yake somawa. Hausa kuwa ta ɗora ma'ana a kan bambance-bambance masu laushi. Dubi waɗannan misalai:

kafa da ƙafa
daka da ɗaka
bari da ɓari
sara da tsara da shara

Har wa yau akwai tsawon wasali, wanda ya raba gari na zama da gari na tuwo, da karin sauti, wanda ya raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Babba yakan cike abin da kunnensa ya rasa daga sanin harshe da yanayin magana. Yaro ɗan aji biyu bai tara wannan jari ba tukuna, shi ya sa masana suka ce ya kamata muryar malami ta ɗara ƙarar da ke kewaye da aƙalla desibel 15. Ga yaron Riko akwai ƙarin nauyi. Da Katsinanci ya tashi, yana cewa hwara da shina, a makaranta kuma ana so ya rubuta fara da yana bisa Daidaitacciyar Hausa. Wanda bai ji bambancin ba, ta yaya zai rubuta shi?

Marubucin wannan babi ya taɓa zuwa duba ɗalibai masu gwajin koyarwa a wata makarantar firamare ta bakin hanya a wannan yanki. Malamar tana ba da shifta, ta karanta: Ta bar daka ta shiga ɗaka. Ana cikin haka aka tayar da injin niƙa a bayan ajin. Da aka karɓi littattafai sai ta ware wasu yara ta ce su ne marasa ƙoƙarin ajin. Da aka bi wurin zamansu, sai aka tarar kusan dukkansu a layin baya suke, jikin tagar da take kallon injin. Kuskuren ya bi kujera ne, bai bi ƙwaƙwalwa ba. Yaro nawa aka yi wa tambarin daƙiƙanci ta wannan hanya, har ya yarda, ya bar makaranta?

Bincike ya tabbatar da wannan. A 1975 Arline Bronzaft da abokin aikinta sun wallafa nazarin wata makarantar firamare a birnin New York na Amurka, wadda layin dogo ya bi ta gefenta. 'Yan aji shida da suke ɓangaren jirgin sun kasance a baya a karatu da kusan shekara guda idan aka kwatanta su da na ɗaya ɓangaren. Bayan an shimfiɗa roba a ƙarƙashin dogon, an kuma sa wa azuzuwan silin mai shanye sauti, nazarin 1981 ya nuna bambancin ya gushe. A Jamus ma, da aka sauya wa filin jirgin saman Munich wuri a 1992, karatu da riƙon yaran da suke kusa da tsohon filin ya inganta, na waɗanda suke kusa da sabon kuma ya ja baya.

Wannan darasi ya shafi Jibiya kai tsaye. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda ya biyo ta Daura da Katsina da Jibiya. Alheri ne babba ga ciniki. Amma duk al'ummar da za ta gina sabuwar makaranta ko asibiti a yankin, ya kamata ta auna nisan filin da layin tun kafin a sa tubali.

9.6 Abin da Malami Zai Yi

Malami ba shi da ikon tsayar da tirela, amma akwai abubuwan da suke hannunsa.

(i) Ya san ajinsa. Ya zauna a kujerar baya wani malami yana magana, ya ji abin da yaran suke ji. Manhajar auna sauti ta wayar hannu tana ba da ƙiyasi mai amfani.

(ii) Ya ajiye shifta da darasin furuci da karatu a bayyane a lokacin da unguwa ta fi lafawa, ya bar aikin rubutu ga lokacin hayaniya.

(iii) Ya fuskanci yara idan yana magana domin su ga leɓɓansa, ya matsa kusa da su, ya rubuta muhimman kalmomi a allo. Ɗaga murya yini guda yana dusashe ta, kuma wasula yake ƙara wa ƙarfi fiye da baƙaƙe.

(iv) Ya riƙa juya wurin zama duk mako, ya kawo mai raunin ji gaba.

(v) Ya lura da yaron da yake yawan cewa na'am, ko yake karkata kai gefe ɗaya, ko kunnensa yake zubar da ruwa. Ya shawarci iyaye su kai shi asibiti sashen kunne da hanci da maƙogwaro, su guji sa tsinke ko ɗiga abin da likita bai rubuta ba. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna domin lalurar da ta yi tsanani.

(vi) Ya bi ta hannun shugaban makaranta da kwamitin iyaye da mai unguwa a zauna da masu sana'a cikin mutunci. A fili, duk ninka nisa sau biyu yana rage ƙarar inji da kimanin desibel 6. Ke nan injin da aka ɗauke daga mita 5 zuwa mita 20 ƙararsa ta ragu da desibel 12, ba tare da an raba kowa da abincinsa ba. Katangar da ta tare tsakanin inji da taga ta fi 'yan itatuwa rage ƙara. Janareta kuma a ɗora shi a kan tsohuwar taya nesa da taga, kada a taɓa shigar da shi ɗaki, domin hayaƙinsa yana kisa.

(vii) Ya mayar da batun darasi. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya, ana iya shirya muhawara ko gajeren wasan kwaikwayo a kan haƙƙin maƙwabtaka.

9.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa ƙara tana cin kunne da barci da zuciya a hankali, ba tare da ta bar tabon da ido zai gani ba, kuma sabo da ita ba kariya ba ne. An ga cewa a wuri irin Jibiya ƙara da abinci a haɗe suke, don haka maganin yana ga tsara wuri da lokaci da iyaka. An kuma ga cewa darasin Hausa, wanda ya dogara ga baƙaƙe masu ƙugiya da tsawon wasali da karin sauti, yana cikin waɗanda suke fara jin jiki. Saboda haka, kafin malami ya yanke wa yaro hukuncin rashin ƙoƙari, ya fara tambayar kansa ko yaron ya ji abin da aka faɗa.

Tambayoyi

1. Bambanta tsakanin amo da ƙara da hayaniya da kwaramniya, tare da sa kowace a cikin jimla.
2. Idan iyakar desibel 85 awa 8 ce, awa nawa ne iyakar desibel 91? Me wannan yake nufi ga mai aikin injin markaɗe?
3. Tattauna karin maganar nan, jiki ya fi kunne ji, dangane da illar ƙara ga barci da zuciya.
4. Kawo tagwayen kalmomi goma waɗanda baƙi ɗaya ko tsawon wasali ko karin sauti ya raba ma'anarsu.
5. Me ya sa ƙara ta fi cutar da yaro mai koyon karatu fiye da babba?

Aikin Gida

Zana taswirar makarantar da ka yi gwajin koyarwa a cikinta, ka nuna duk wani tushen ƙara da ke kewaye da ita da lokacin da yake tashi. Sannan ka rubuta wa mai unguwa wasiƙa ta shafi ɗaya cikin Daidaitacciyar Hausa, kana ba da shawarar da za ta kare yara ba tare da ta tauye mai sana'a ba.